Barandamin da Aka Ce Yana Rijiya

Shekaranjiya da hantsi na bi ta rumfar dukawa, na tarar da wani dattijo yana shafa wa sabuwar gafaka man kaɗe. Ƙamshin man da na jemammiyar fata da ɗan ɗacin bagaruwa suka haɗu suka shige mini hanci, sai na tsinci kaina a tsaye a tsakiyar hanya, mai amalanke yana ta yi mini tsawa in kauce. Da irin wannan man muke goge kayan fata a ɗakin tarihi na makarantarmu a Kankia, lokacin ina ɗan shekara goma sha shida. A wannan ɗakin na fara buɗe baki na yi magana a gaban mutane, kuma maganar da na yi ita ta jawo wa kakana abin da zan ba ka labari.

Amma bari in fara daga rumbu, don a can na fara ganin abin.

A wani ƙauye kusa da Kusada aka haife ni. Mahaifina malamin allo ne, yana kuma noma geronsa da wakensa kamar kowa. Gidan kakana na wajen uwa shi ne na ƙarshen gari; daga shi sai gonaki, daga gonaki sai rafi. Tsohon mafarauci ne, dogo, mai faɗin ƙirji, da tabon sara daga kunne har haɓa. Ni kuwa yaro ne marar magana. In baƙo ya yi sallama, bayan ƙyaure nake laɓewa. Shi ya sa kullum yake tsokanata, wai in dai haka zan ci gaba ba zan taɓa ƙwace masa mata ba, wato kakata, wadda take kirana maigida.

Idan rani ya yi nisa, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, yaro ake ɗagawa a zura ta baki ya riƙa miƙo dami. Ina ɗan shekara takwas aka fara zura ni a na kakana. Ciki akwai duhu da zafi, ga ƙaiƙayi yana shiga wuya. Ina lalube sai ƙafata ta taka wani abu mai tauri a ƙarƙashin dammunan, naɗe cikin fatar akuya. Na warware. Barandami ne, irin gatarin nan mai dogon baki da mafarauta ke ratayawa a kafaɗa, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Maƙerin ya zuba jan ƙarfe a jikin ruwansa, ya ja layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi, ya jera ƙananan taurari a gefe da gefe. Ƙotar kuwa baduku ya naɗe ta da jar fata da koriya, saƙa a kan saƙa. Na ɗaga shi wajen haske na ce, “Kaka, dubi abin da na samo!”

Da hannu ɗaya ya fizgo ni waje. Marin da ya yi mini ya jefa ni kan duwatsun da rumbun ke zaune a kai, kunnena ya ɗauki ƙara, bakina ya cika da jini. Bai taɓa dukana ba kafin ranar, bai kuma sake ba.

Kakata ce ta ja ni ɗakinta, tana gasa mini baki da tsumma da ruwan zafi tana ba ni labarin a hankali. A zamanin samartakar kakana, in an gama kai amfanin gona gida, sai a buga gangar farauta, garuruwa su fito da karnuka su haɗu a daji. Dokar dajin kuwa ita ce ƙwace. In ka kashe nama bai zama naka ba sai ka iya tsare shi. Wanda ya fi ka ƙarfi ya karɓe, kuma ba a kai ƙara. Wata shekara ƙanen kakana, saurayi ko aure bai yi ba, ya kashe gada. Wani ƙato daga ƙauyen ƙetaren rafi ya ce ya ajiye, ya ƙi. Sai ya sauke masa barandamin nan a kafaɗa, ya tsaga shi har ƙirji. Kakana ya iso ya tarar da ƙanensa yana shure-shure a cikin ciyawa. Ya bi mutumin ya kayar da shi, ya take masa hannun dama a kan saiwar itace, ya yi ta dukansa da gora har ƙashin ya zama gari. Yaron ya cika kafin a kai shi gida. Hannun mutumin kuwa ruɓewa ya yi, sai da aka guntule shi.

Dattawan garuruwan biyu da limamansu suka zauna a gindin wata tsamiya a bakin rafi. Suka ce rai ya tafi, hannu ya tafi, a bar wa Allah sauran. Sharaɗi ɗaya suka sa: ƙarfen da ya sha jini ba ya kwana a gidan kowa, a jefa shi a matacciyar rijiya a cike ta da ƙasa. Da yake barandamin yana hannun kakana, shi aka ce ya jefa. Ya zo da ƙunshi a naɗe, ya yi rantsuwa a gaban shaidu, ya jefa. Tsohuwar galma ce a ciki.

“Ya ce shi ne abu na ƙarshe da ya taɓa jikin ɗan'uwansa,” in ji kakata. “Ran da mutanen ƙetare suka ji yana nan, sulhu ya warware. Maigida, ka haɗiye maganar nan kamar yadda ka haɗiye jinin bakinka.”

Na haɗiye ta shekara takwas.

A cikin shekarun nan duniya ta soma juyawa. Kuɗin mai suka shigo, manyan motoci suka riƙa wucewa da siminti, rediyo ya shiga zaurukan da ba su taɓa jin sa ba. Mata suka koma kwanon sha da fanteka, aka tura ƙwarya da akushi bayan ɗaki kaji suna sha a ciki. Ni kuma na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana a Kankia. A can na haɗu da malaminmu na zane, wani siririn mutum mai tabarau wanda ya dawo daga kwas a Jos, inda ya ga gidan ajiye kayan tarihi, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce in ba a tattara aikin hannun iyayenmu yanzu ba, nan da 'yan shekaru sai dai a ba da labari. Ya roƙi hedimasta ya ba shi wani tsohon sito, muka share, muka shafa farar ƙasa. Daga nan ya zaɓi mu shida ya ce zai koya mana jagorar baƙi. Ni ba don bakina ya zaɓe ni ba, don rubutuna ne. Yana bukatar mai rubuta katin da za a ajiye gaban kowane kaya.

Kowace la'asar bayan an tashi daga aji muke horo. Ka tsaya a gefen kaya, kada ka tare shi. Kada ka juya wa baƙo ƙeya. Kada ka yi nuni da ɗan yatsa, ka buɗe tafin hannu. Ka fara da abin da ido ya gani kafin ka kai ga abin da ka sani. Sai ya jera tuluna a matsayin baƙi, ya ce ka yi musu bayanin luru, wato bargon saƙi, ko faifai, ko ƙwarya mai zane. Yana riƙe da rula ta katako, duk sanda ka ce “e... e...” sai ya sauke maka kaifinta a gaɓoɓin yatsu. Sauran sukan sha ɗaya ko biyu. Ni nakan koma ɗakin kwana da yatsu a kumbure, ko alƙalami ba na iya riƙewa sai na tsoma su a ruwa. Na san bayanin kowane kaya fiye da kowa, na rubuta na haddace, amma da na ɗaga kai sai harshena ya manne, ko da kuwa tuluna ne a gabana.

Malam ya ce kowannenmu ya kawo abu ɗaya daga gidansu, wanda zai tsaya a kai ranar buɗewa. Wanda ba shi da kaya, shara da kawo ruwa ne aikinsa. Babba a cikinmu, ɗan wani attajirin cikin gari, ya kawo rigar kakansa mai aska takwas. Ni na kawo allon zayyanar mahaifina, na tarar akwai huɗu da suka fi shi kyau. Ɗan attajirin ya kama ƙeyata ya gwara mini goshi da bango, ya ce, “Bebe, gidanku ba a taɓa yin komai ba sai wankin allo?” Aka yi dariya. Amma a zuciyata na san akwai abin da ya fi duk kayan ɗakin nan kyau, yana kwance a ƙarƙashin gero.

Da aka ba da hutu na sami kakana a inuwar zaure yana tufkar igiya. Na daɗe a tsugune kafin na iya fito da maganar. Bai ko ɗago kai ba.

“Wane barandami? Barandami na cikin rijiya.”

Ashe kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana jin mu. Yaron mota ne a lokacin, mai zafin kai, wanda tun tasowarsa yake ganin sulhun nan abin kunya ne a gare mu. Ranar komawata makaranta ya same ni a tasha da wani abu a cikin buhu.

“Ungo,” ya ce. “Ina Kankia, ina ƙetaren rafi? Ka nuna masu gidanmu ma an haifi maza.”

Ba zan yi maka ƙarya ba, mai karatu. Ba wanda ya tilasta mini. Na san abin da ke cikin buhun, na san maganar kakata. Na ce wa kaina ƙirar kawai zan nuna, in rufe baki a kan sauran. Na karɓa.

Da malam ya warware buhun, sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur a tsakiyar ɗaki, aka ɗora shi a kai shi kaɗai. Ya ce in rubuta katinsa. Kowane kati layi uku ne: wa ya yi shi, da me aka yi shi, ta yaya ya zo hannun mai shi. Na cike biyu na bar na uku.

“Ina na ukun?”

Na ce ban sani ba.

“Ka sani, ga shi nan a idonka. Mai jagorar da ya bar gurbi, baƙo zai cike shi da ƙarya. Ka cike, ko in ba mai riga ya tsaya a kansa.”

Da ma tsoron malam ne kawai, da da sauƙi. Gaskiyar ita ce layin da ba komai a kansa ni ma yana damuna. Ni ne yaron da ke sake kwafe shafi guda saboda ɗigon tawada ɗaya. Kwana biyu ina wucewa ina kallon katin nan kamar rigar da aka bari ba hannu. A rana ta uku na ja layi da fensir don kada rubutun ya karkace, na rubuta cewa an karɓe shi a fagen farauta daga hannun wani mutum, bayan ya kashe ƙanen mai shi na yanzu. Ban sa sunan kowa ba. Na ɗauka hakan ya isa.

Hedimasta ya sa ranar buɗewa ta dace da ranar kasuwa, don mutanen ƙauye su gani. Da safe manyan gari suka zo, malam da kansa ya zagaya da su. Bayan azahar aka buɗe wa kowa. Mutanen Yashe da Ƙofa da Dudunni da na wasu ƙauyukan da ban sani ba suka riƙa shigowa da ƙurar kasuwa a ƙafafunsu, suna tuɓe takalma a bakin ƙofa. Wani ya ga akushi a kan tebur ya fashe da dariya, ya ce, “Wanga ai akwai shi bayan ɗakina, kaji na sha ciki. Halan in kawo maku?”

Aka ba ni wasu su wajen goma. Ban san abin da ya faru ba, amma da muka iso gaban barandamin harshena ya saki. Na tsaya a gefe, na buɗe tafin hannu. Na nuna musu yadda maƙeri ke tsaga hanya a jikin baƙin ƙarfe yana da zafi, ya kwantar da ja a ciki, ya daddaka har su zama jiki ɗaya. Na nuna musu inda baduku ya ɓoye bakin saƙarsa. Dattawa masu furfura suna kallon bakina suna gyaɗa kai. Tunda aka haife ni ba a taɓa saurarena haka ba, kuma daɗin abin ya hau mini kai. Ka lura da wannan: a cikinsu ba mai karanta boko ko ɗaya. Da na tsaya a layi na biyu, da katin ya zauna nan har ya tsufa ba wanda ya san abin da ke jikinsa. Amma an koya mini in faɗi duk abin da ke kan kati, ni kuma ba na son su daina saurare. Na faɗi na ukun.

Wani mutum mai furfura a gemu, da tiyar awon hatsi a hammata, ya matso.

“Ɗan samari, maimaita.”

Na maimaita, har da ɗaga murya, ina tsammanin burge shi na yi.

“Daga wane gari ka ce?”

Na faɗa masa.

“Jikan wa?”

Na faɗa masa wannan ma.

Ya ajiye tiyar a ƙasa a hankali. “Taurari bakwai ne wanga gefe,” ya ce. “Wancan shida. Ni ke goge shi ina yaro.”

Na ƙidaya su ba sau ɗaya ba. Haka suke.

Ya kai hannu. Malam ya taso da gudu yana cewa ba a taɓawa, ya kama ƙotar. Mutumin ya fizga, bakin barandamin ya bi hannun malam daga wuyan hannu har gwiwa ya buɗe shi kamar an fede kifi. Jini ya yi tsartuwa a kan farin ƙyallen, ya fantsama kan lurun da ke bango. Ni ban gudu ba, ban ma motsa ba, tafin hannuna yana nan a buɗe. Sai mutumin ya juyo da gindin ƙotar ya dake ni a baki. Na ji haƙorana biyu a kan harshena kamar tsakuwa. Tebur ya kife, tuluna suka farfashe, mutane suka yi ta tattake ƙoren da muka yi wata uku muna gogewa suna neman ƙofa. Ɗan attajirin ta taga ya fita. Mutumin ya rataya barandamin a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar kasuwa a tafiyarsa ta yau da kullum, ba wanda ya tare shi.

Ban jira an wanke mini baki ba. Na ruga tasha na hau bayan wata motar hatsi mai zuwa Kusada, daga can na ƙarasa a ƙafa. Na iso rana ta yi ja, kakana yana alwala a ƙofar gida. Na faɗa masa komai, kalmomin suna fita da iska ta gurbin haƙoran. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Ya gama wanke ƙafarsa ta hagu, ya ɗago haɓata ya duba bakin.

“Ka ci abinci?” Abin da ya ce ke nan.

Ya sa aka kwashe mata da yara zuwa gidan mahaifina. Ya hana kawuna tara samari, amma kawu bai ji ba.

Washegari da hantsi mai furfurar da mutanen ƙauyensu suka ƙetaro rafi, da yake ya ƙafe, su wajen talatin, da gora da adda da kwari da baka. Samarinmu suka tare su a bakin gonaki, cikin kututturan karan dawa. Ina tsaye a ƙofar zaure ina gani. Ƙarar gora a kan mutum ba ta kama da komai sai fashewar duma. Na ga wani maƙwabcinmu ya durƙusa yana riƙe da kansa, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Na ga wani saurayi daga cikinsu yana jan ciki da kibiya a cinya, yana kiran uwarsa. Kawuna ya sari wani a baya, wani kuma ya zo ta gefe ya zaftare masa kunne, ya faɗi suka hau shi da duka. Mahaifina da liman suna tsakiya suna ɗaga hannu suna kiran sunan Allah, ba mai jin su. Wasu suka zagaya ta bayan darni suka cinna wa rumbun wuta. Geron shekara guda ya kama, hatsin yana fashewa tas-tas, hayaƙi mai ƙaurin tuwon da ya ƙone ya rufe gidan.

Sai na ji ana gungura wani abu a bayana. Kakana ne da turmin kakata. Ya fito da shi fili, ya kife shi, ya zauna a ƙasa, ya naɗe hannun riga. Sannan ya yi wata kururuwa irin ta mafarauta, wadda ban taɓa jin ya yi ba, ban kuma san tana cikin ƙirjin tsoho ba. Kowa ya tsaya inda yake.

“Ni na rantse, ni na karya,” ya ce. “Ɗiyan nan ko haihuwarsu ba a yi ba sa'ad da aka yi abin. Ga abin da kuka zo nema.” Ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan turmin.

Mai furfurar ya tako har gabansa. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji.

“Ubana bai ƙara sa hannu akushi ɗaya da mutane ba har ya mutu. Cikin ɗaki yake cin tuwonshi da hagu, ƙyaure a rufe. Ni na noma gonarshi tun ban kai galma tsawo ba. Muka haƙura, don an ce ƙarfen na rijiya, kowa ya yi hasara. Ashe kana nan kana shafa mashi mai.”

“Gaskiya ka faɗi,” in ji kakana.

Na ɗauka a nan zai tsaya. Na ɗauka zai ga furfurar tsoho ya jefar da abin, a rungume juna. Juya barandamin ya yi, ya mai da bakin sama, ya sauke ƙeyarsa. Sau uku. Turmin ya amsa kowane ɗaya. Kakana ya cusa gefen rigarsa a baki ya cije, idanunsa a buɗe, bai yi ƙara ba. Da kawu ya yunƙura daga inda yake kwance, da hannun hagu kakana ya yi masa alamar ya koma.

Daga nan mutumin da kansa ya miƙa wa liman barandamin. Aka tafi da shi maƙera gaban mutanen garuruwan biyu, aka zuga wuta, aka yi ta dukansa har ya zama dunƙulen baƙin ƙarfe, aka haƙa rami aka binne. Na bi su. Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: da jan ƙarfen ya narke ya gangara cikin gawayi, sai da na ji zafin taurarin nan a raina, alhali hannun kakana yana gida a farfashe. Har yau ina jin kunyar wannan.

Ba a rasa rai ba, da ikon Allah. 'Yan sanda suka zo bayan kwana biyu. Kakana ya ce daga kan rumbu ya faɗo wajen kashe gobara, duk wanda aka tambaya a garuruwan biyu ya ce haka ne. Malam ya zo a kan keke, hannunsa a ɗinke a rataye, ya tsuguna a gaban kakana. Kakana ya ce masa, “Tashi, malam, kai aikinka ka yi.” Ɗakin tarihin aka sa masa kwaɗo. Da yara suka yi yawa aka mai da shi aji, kayan da suka rage kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yatsun suka nannaɗe suka bushe. Kakana ya daina fitowa cin tuwo a zaure. Mutumin da a da ba ya iya haɗiye loma sai da mutum biyar a bakin akushi, ya koma ci a ɗaki, asabari a sauke. Bai yarda a ba shi a baki ba. Bai taɓa ce mini uffan a kan abin da na yi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da hutu ya zo na karɓi aikin kai masa akushi. Rana ta farko ya ce in ajiye in tafi. Ta biyu ma haka. A ta uku na ajiye na zauna. Na wanke hannu, na danne na dama a ƙarƙashin cinyata, na sa na hagu a tuwon. Ya daɗe yana kallona.

“Ɗan malam guda da hagu? Ubanka ya gani sai ya wanke ka da rubutu.”

Na gutsuro loma, ta wargaje, miyar kuka ta bi mini hannu har gwiwa.

“Kai, ɗan boko, ɓarna kake. Mi aka koya maku can? Lanƙwasa yatsun haka. Babban yatsa shi ke turawa.”

Haka muka ci tare duk sanda nake gida, damina shida, har Allah ya karɓi abinsa. Sau ɗaya mahaifina ya ɗaga asabarin ya gan mu. Ya tsaya kaɗan, ya sake shi a hankali, na ji takunsa yana nisa.

Koyarwa na yi har na yi ritaya, kuma na sha kai ɗalibai gidajen tarihi. Yanzu samari da 'yan mata ne ke jagora, da rigunansu iri ɗaya, bakinsu a sake, ba wanda ya taɓa dukan yatsunsu. Kayan suna bayan gilashi, an rubuta shekarunsu da inda aka samo su. Nakan tsaya gaban takobi ko mashi in ce a raina, ko jikan wa ke cikin masu kallon nan. Gangar farauta ta yi shiru a wajenmu. Dajin ya zama gonaki, abin da ya rage kuma bindiga ce ke magana a ciki. A yau sai a wayi gari an kashe mutum ba a san hannun da ya yi ba, balle a zo har ƙofar gida a nema, balle a sami tsohon da zai gunguro turmi. Ban ce zamanin da ya wuce ya fi tausayi ba. Na ga abin da ya yi da idona. Amma a lokacin faɗa yana da inda yake tsayawa.

Yanzu ni ne tsohon gidan. Wani lokaci in aka kawo mini tuwo hankalina yana wani wuri, sai in ji ƙaramar jikata ta buga mini cinya tana cewa, “Kaka, hagu! Ba kyau!” Sai in ce mata ta yi gaskiya, in sake hannu. In ta fita wasa, in ƙarasa da wanda na fara.